Kwana Huɗu a Sakkwato da Sunan Yayata

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A bakin famfo, a gidan suna, har a waya, magana ɗaya ce: "Yaya Sakkwato? Mi kinka gano?" Na gaji da cewa lafiya lau alhali zuciyata ba lafiya lau take ba. Shi ya sa na zauna na rubuta muku sau ɗaya, ku karanta ku miƙa wa juna kamar yadda muke yi da littattafanmu. Sunayen da ke ciki duk na aro ne, har nawa, kuma za ku ga dalili.

Aikin da kuke ganin ina yi ba nawa ba ne, na Yaya Haulatu ne. Ita wata ƙungiya mai kula da 'yan mata ta ɗauka, ta ba ta yara ashirin da biyar a wani ƙauye bayan Badaguishiri, tana tara su ƙarƙashin rumfar zana ran Laraba da Asabar, tana koya musu karatu da lissafi da kula da jiki. Takardar aikin wata shida-shida ake sabunta ta, kuma babu hutun haihuwa a cikinta. Wadda ta yi fashi ya wuce sati biyu, sai a sa wata. Don haka matan suka samo dabara tun kafin zuwanmu: idan ciki ya tsufa, ki tura ƙanwarki ta riƙe miki wuri, tana sa hannu da sunanki. Madam, shugabar buron Konni, wato ofishin ƙungiyar, ta sani. Direba ya sani. Takarda ce kaɗai ba ta sani ba, ita da masu ba da tallafi da ke karanta ta.

Haihuwar Yaya ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki, jikin kuma ya ƙi komawa daidai da wuri. Mijinta yana cin rani a Abijan, aikensa sai an manta. Wannan aikin shi ke ɗora tukunya a gidanta. Wata biyu aka ce zan riƙe, ga shi na yi takwas. Idan maganar ta fita, Yaya ce za ta rasa wurin.

Da na karɓi rumfar, yara bakwai na tarar. Sauran suna lambun albasa ko talla. Ni kuma kun san ni, ba abin da na iya kamar labarin soyayya. Sai na fara ƙirƙiro musu nawa, na wata yarinya mai sayar da tumatir da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ina tsayawa daidai inda ya ɗago ido zai yi magana. Ci gaban kuwa ba na faɗa da baki. Ina rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda, mai son jin abin da ya ce sai ta haɗa baƙaƙen da kanta. Kafin damina ta faɗi rumfar ta yi mana kaɗan. Na rubuta duk wannan a rahoto, na sa hannu: Haulatu.

Rahoton ne ya yi tafiya har Sakkwato, wurin wata ƙungiya irin tamu da muke cin tallafi daga hannu ɗaya. Suka ce a kawo musu mai wannan dabara. Wanda ya kira don shirya tafiyar ya ce sunansa Nazifi. Murya ce mai sanyi, irin wadda ba ta gaggawa, kamar mai ita bai taɓa gudu don ya tari mota ba. Ya ce, "Na karanta rahotanninki duka, Malama Haulatu. Har na so in ji yadda ta ƙare da malamin lakwal." Minti uku muka yi. Sati biyu na yi ina gina gida a kan minti ukun nan, har da labule.

Ran tafiya na sa atamfata mai ruwan ganye da mayafin da na ɓoye don salla. Motar da na samu a tashar Badaguishiri buhunan albasa sun fi mutane yawa a cikinta. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyata, amarya ko rakiya?" Na ce aiki. Ta ce, "To aikin nan ya ci lalle." A Tsarnawa Habsu ta shigo. Ita ce mai riƙe da rumfar Dogarawa, ɗiyar makiyaya ce, doguwa, ba ta iya ɓoye magana ba, kuma da sunanta take aiki. Ta zo da hijabin da take zuwa kasuwa da shi da goran fura a hannu.

Ta ce, "Ke, taron aiki anka ce, ba a ce za a ɗaura miki aure ba."

Na ce, "Kowa da irin shirinsa."

"To matsa, mai shiri, kada nonona ya ɓata miki shi."

A buron Konni Madam ta ja ni gefe. Takardar tafiya sunan Haulatu ke kanta, katin shaidata kuma sunana ya ce, Zuwaira. Idan aka haɗa su a bakin iyaka, an gama. Don haka ita da Habsu za su bi farar motar ƙungiya, ni kuma in hau kabu-kabu in ƙetare kamar mai zuwa kasuwa, su jira ni a can gaba. Ta ce, "Daga kin shiga mota ke Haulatu ce har mu dawo. Kada ki manta, ko a mafarki."

Na tsaya a rana ina kallon Habsu ta jingina da kujera, gilashi ya rufe, sanyin mota yana kaɗa mata bakin hijabi. Ta ɗaga mini goran fura. A nan kishin ya fara, kuma bai sake ni ba.

Mai kabu-kabun dattijo ne mai son hira, ya ɗaura kaji shida a gaban babur. A shingen farko jami'in ya karɓi katina, ya dubi lallen, ya dubi takalmin. Hausarsa ta nuna ba ɗan yankin ba ne, aiki ya kawo shi.

"Ina zuwa?"

"Kasuwa."

"Da wannan ado? Me za ki saya?"

Dattijon ya ce, "Ranka shi daɗe, wadda ta yi ado haka ba saye za ta ba, ganinta za a yi." Suka yi dariya, aka miƙo mini katin. Mun bar shingen ke nan tsinin takalmina na dama ya maƙale a ƙarfen babur ya ɓalle. Haka na isa farar mota, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ina warin kaji. Habsu ta ciro silifas daga jakarta ta ajiye mini ba ta ce komai ba, abin da ya fi dariya ciwo.

Da la'asar muka shiga Sakkwato. Masaukin da aka ba mu ɗaki ne mai gado biyu, famfonsa ɗaya na ruwan zafi, ƙofar kuma da kati ake buɗe ta. Sau biyu muna kulle kanmu a waje. Amma ba masaukin ne ya tsaya mini a rai ba, ofishinsu ne, don su ofis suke cewa, ba buro ba.

Kowace ma'aikaciya tana da teburinta, da sunanta a rubuce a kan ɗan katako. Na tsaya gaban wani na karanta sunan sau uku, ina gwada yadda nawa zai zauna a wurin. Ba sa zuwa ƙauye su kaɗai, sai bibbiyu, kuma mota ke kai su. Ni kuwa idan ruwa ya cika gulbi, tattare zane nake yi in ratsa, allo a ka. Idan ɗayarsu ta yi ciwo akwai asibitin da take zuwa da katin aiki. A ƙarshen baranda akwai ɗaki mai tabarmi da gidan sauro, da wata dattijuwa mai raino, inda masu goyo ke ajiye 'ya'yansu su leƙo su ba su nono. Su ma suna ƙorafi, ban ce ba sa yi ba. Sun ce takardu sun yi musu yawa, ko ruwa yarinya ta sha sai an ɗauki hoto, kuma ran da tallafi ya tsaya su ma sun tsaya. Na saurara ina gyaɗa kai, amma a raina cewa nake: ku ba ni ƙorafinku in ba ku nawa.

Wadda aka haɗa mu da ita Anti Murja ce, mai fara'a, cikinta ya tsufa. Ta ce sati mai zuwa za ta fara hutun haihuwa, wata uku, kuma teburinta yana nan yana jiranta. Habsu ta tambaye ta, "To wa zai sa miki hannu?" Ba ta gane tambayar ba. Na taka ƙafar Habsu a ƙarƙashin tebur.

Sai ga Nazifi. Ban yi kuskure a muryar ba. Dogo ne, siriri, da farin gilashi, yana riƙe da takardunmu a ƙirji kamar mai tsoron kada su ji sanyi. Zuciyata ta buga irin bugun da nake rubuta wa yarana a takarda. Ya gaida Madam, ya gaida Habsu yana murmushi. Da ya zo kaina sai ya ja baya taki ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Maman Karimu. Yaya mai gida? Yaya kika baro yaron?"

Ashe Madam takardun Yaya ta aika musu gaba ɗaya: matar aure, ɗa ɗaya, wata bakwai da haihuwa. Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ɗauka suna kawai na ara, ashe har da miji da goyo. Na ce, "Suna lafiya." Tun daga lokacin bai ƙara kallon fuskata ba. Mutum ne mai tarbiyya, kuma tarbiyyar tasa ce ta kashe ni.

Abincinsu ma ya zame mini jarrabawa. Su ƙarfe goma suke shan shayi da burodi, da rana a kawo shinkafa mai launi cikin 'yan robobi, kowa da nasa, ba a haɗa hannu a kwano kamar mu. Yajin ya fi namu, naman ya fi namu ƙanƙanta. Ni kuwa nawa daban ne. Kowace safiya Anti Murja tana zuwa da fulas ɗin kunun kanwa daga gidanta, ta zauna kusa da ni sai na shanye. "Sha, ƙanwata, kada nonon ya ɗauke kafin ki koma. Bai cika ya dame ki ba?" Ta tambaye ni haka a gaban mata huɗu, ni da ko zance ba a taɓa zuwa wurina sau uku a jere ba. Na ce da sauƙi. Habsu ta cusa baki cikin hijabi kafaɗunta suna rawa. Da muka koma ɗaki ta ce, "Mai jego, in gasa miki ruwan wanka?" Na jefe ta da silifas ɗinta.

Rana ta biyu na gwada musu dabarata a wata cibiyarsu, da 'yan mata kusan talatin. Na manta da kowa. Na ba su labarin, na kai inda malamin ya tsaya gaban tiren tumatir ya buɗe baki, na yi shiru, na ɗaga takarda. Wata yarinya da aka ce ba ta taɓa magana a aji ba ta taso ta kama takardar tana haɗa baƙaƙe da yatsa. Da na waiga, Nazifi ya daina ɗaukar hoto, yana saurare. Na ce a raina yau zai yi magana. Ya kuwa yi. Ya ce, "Mai gidanki ya yi dace, Maman Karimu." Sannan ya juya wurin Habsu yana tambayarta yadda ake cewa sannu da aiki da Fulatanci.

A kan idona abin ya tsiro. A mota kusa da ita yake zama, da tazarar jaka ɗaya. Ya tambaye ta shanu, ya tambaye ta Dogarawa, ta ce masa gilashinsa ya sa ya yi kama da likitan dabbobi, ya yi dariya har ya cire shi ya goge. Habsu fa, da ba ta taɓa karanta littafin soyayya ko ɗaya ba, da ta ce duk ƙarya ce ta masu zaman banza. Ni da na san kowace kalma da ta dace a faɗa a irin wannan wuri, ina kujerar baya da fulas a cinya. Ban yi mata magana ba duk yammacin. Ta lura.

Ta ce, "In kina so in gaya mishi, yanzu sai in gaya mishi. Ni ba ni da abin ɓoyo."

Na ce, "Ki gaya masa, ya gaya wa shugabarsu, ta rubuta wa masu tallafi, Yaya ta ci me?"

Can ta ce, "To ki daina kallona kamar na sace miki akuya." Na so in daina. Ban iya ba.

Ran ƙarshe aka taru a babban ɗaki don rufe taro. Shugabarsu, wata Hajiya mai magana a hankali, ta yabi rumfar Badaguishiri, ta ce za su ɗauki dabarar a duk cibiyoyinsu. Sannan ta duba takarda ta ce, "Akwai abin da ya ba ni mamaki. Malama Haulatu ta haihu, har aiki aka yi mata, amma na duba rajista ban ga Laraba ɗaya da aka yi fashi ba. Mu nan wata uku muke bayarwa, wasu na cewa ya yi yawa. Malama, tashi ki gaya mana yadda kika yi."

Na miƙe. Madam ta ajiye kofinta a hankali, ba ta dube ni ba. Anti Murja ta dafa cikinta tana jira. Nazifi ya ɗago kai, karo na farko tun ranar da muka zo, yana kallona sosai. Maganar tana bakina, a shirye, na ma san yadda zan jera ta: ni ba Haulatu ba ce, ban da miji, ban da ɗa, labarin nawa ne, rubutun nawa ne, kuma wata uku bai yi yawa ba. A littafi nan ne yarinya take faɗa, ɗaki ya yi tsit, wani ya miƙe ya tsaya a gefenta. Amma abin da na gani a idona Yaya ce, ranar da na baro ta, tana dafa bango kafin ta kai bakin murhu.

Na ce, "Ina da ƙanwa, Hajiya. Ita ta taimake ni."

"Da raino?"

"Da raino."

Hajiya ta ce Allah ya yi wa ƙanwar nan albarka, ɗaki ya amsa da amin, aka tafa. Ta ƙara da cewa duk da haka bai kamata a bar mace ta koma aiki da ɗanyen jiki ba, za ta yi magana da masu tallafi. Ko ta yi, ban sani ba. Nazifi ne ya kawo mini takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, da sunan Yaya a tsakiya. Ya miƙo da hannu biyu, ya ce, "Yaya sunan ƙanwar taki?"

Na ce, "Zuwaira."

Ya ce, "Allah sarki. A gaishe ta." Sau ɗaya ke nan aka ambaci sunana a Sakkwato, kuma ni na ambace shi. Kafin mu shiga mota ya rubuta wa Habsu lambarsa, ya karɓi tata, wai saboda aiki. Anti Murja ta ba ni hula da safa na jariri, ta rungume ni ta ce in yi ta shan kunu.

Dawowa ba ta da labari. Na sauka kafin iyaka, na sake hawa kabu-kabu, na zama Zuwaira a kan babur. A Tsarnawa Habsu ta sauka, wayarta ta yi ƙara tun ba ta ɗauki jakarta ba, ta duba, ta dube ni, ta mayar da ita aljihu ba ta amsa ba. Na gode mata a raina, na kuma ji haushinta a kan godiyar da ta sa ni.

Yaya ta yi kuka da ta ga takardar. Ta ce, "Wannan taki ce." Na ce sunanki ne a kai, rataye. Ta sa wa Karimu hular, ta yi masa kyau ƙwarai. Bayan sati uku Madam ta kira: saboda yabon Sakkwato an sabunta wa Haulatu takarda ta shekara guda, an kuma ɗaga ta ta zama mai duba rumfuna biyar, da babur. Jikinta ya yi ƙwari yanzu, za ta iya. Na yi mata murna, Allah ya sani na yi. Na kuma shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan jima.

Rumfata ta zama ba mai ita, aka ce masu so su kai takarda. Ran Litinin na tafi Konni da katina, da sunana. Sakataren buron, wanda wata takwas yana karɓar rahoto daga hannuna a matsayin 'yar aiken Yaya, ya miƙo mini takardar cikewa. Na cika suna, na cika gari, na cika iyakar karatu. Sai na iso wani layi: ko kin taɓa aiki da 'yan mata, a ina, kawo shaida. Na ɗaga kai na dubi Madam da ke tsaye bakin ƙofarta. Ta girgiza kai kaɗan, irin girgizar da ba wanda zai ce ya gani.

Na rubuta: babu.

Sakataren ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ɗaga tarin takardun masu shaida ya sa tawa a ƙarƙashi. Ya ce za a kira waɗanda aka zaɓa. Har na kai ƙofa ya ce, "Af, ki gaida Haulatu. Ki ce mun ga takardar yabonta. Yarinyar nan akwai ƙwazo."

Na ce, "Za ta ji."